Yadda Korau Ya Haɗa Ƙasar Katsina

Ran kasuwar Jibiya mu kan ga mutanen Ɗan Isa da na Maraɗi sun ƙetaro iyaka da kayansu. In mun tambaye su sarautar mai Maraɗi, sai su ce mana Sarkin Katsina. To, yaya aka yi haka?

A zamanin da, ƙasan nan ba ta da shugaba ɗaya. Garuruwa ne barkatai, kowanne da mai mulkinsa da wurin tsafinsa. Waɗanda suka fi ƙarfi su ne Durɓawa, mazauna Durɓi ta Kusheyi, wajen Mani.

Cikin ƙarni na 15, watau yau fiye da shekara 500, wani mutumin 'Yandoto ya zo, sunansa Muhammadu Korau. Tsofaffi sun ce kokawa ya yi da Sanau, sarkin Durɓawa. Matar Sanau ta tona asirin mijinta, Korau ya ka da shi, ya yanka shi, ya ci sarauta. An ce shi ne sarki Musulmi na farko a Katsina.

Amma cin kokawa ba shi ne haɗa ƙasa ba. Mu dubi dabararsa. Ya zauna a Birnin Katsina, ya mai da shi cibiya, masu garuruwa suka riƙa kawo gaisuwa can. Fatake da malamai suka taru, birni ya cika. Durɓawa kuwa ba a watsar da su ba. Sarautar Durɓi ta zauna cikin masu zaɓen sarki, tana nan har yanzu. Wannan, a ganinmu, ya fi kokawar wuya. Fadar Katsina har gobe Gidan Korau a ke ce da ita.

A 1807 mutanen Shehu Usmanu suka ci birni, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Tsohon gidan sarauta ya yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi. Suka tafi da sunan Sarkin Katsina, da su Durɓi, da 'Yandaka, da Ƙaura, da Galadima. Sa'an nan Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka ja iyaka tsakani, ita ce wadda mu ke ƙetarewa a Magama.

Yanzu kowa ya ɗauki fensir ya rubuta: Korau, Durɓi, Maraɗi. A lura da ƙugiyar ɓ da ta ɗ.