Darasi Ga Ƙungiyoyin Manoma: Yadda Za Ku San Girman Bel Na Fankar Ɗakin Kaji

Darasinmu na wannan wata ya shafi ƙungiyoyin da suke da babbar fanka mai fitad da iska a ɗakin kaji, ko a ɗakin busar da hatsi. Masu injin niƙa su ma su kasa kunne, gama bel ɗinsu da na fanka dangi ɗaya ne.

Kaza ba ta yin gumi kamar mutum. In zafi ya dame ta sai ta buɗe baki ta yi ta haki, ta saki fukafukai, ta rage cin abinci. A watan Maris da Afrilu, in fanka ta tsaya da rana tsaka a ɗakin da yake cike da kaji, kafin la'asar ana iya fara kwasar mushe. Sau da yawa kuwa ba moto ne ya ƙone ba. Bel ne ya tsinke, aka aiki yaro gari ya sayo, ya dawo da wanda ya yi tsawo ko ya yi gajere. Ga kuɗin mota ya tafi, ga yini ya wuce, ga kaji suna jira.

Bel yana da awo biyu

Irin bel da muke magana a kansa shi ne mai faɗi a baya, mai tsukewa a ciki, wanda yake zama cikin kwarmin fuli. Ku lura da wannan da kyau: gefensa biyu ne suke kama fuli, ba cikinsa ba. Saboda haka awonsa biyu ne, faɗi da tsawo, kuma dole su yi daidai duka biyu.

Faɗi shi ne ake nunawa da harafi. Mai harafin A faɗin bayansa rabin inci ne, watau milimita 13. Mai B ya ɗan ɗara inci 5/8, watau milimita 17. Mai C inci 7/8 ne, milimita 22, an fi ganinsa a manyan injunan niƙa. Yawancin fankokin ɗakin kaji A ne ko B. In kun sa A a kwarmin B, zai nutse har ƙasa, gefensa ba zai kama kome ba, sai ya yi ta sulɓi yana zafi. In kun sa B a kwarmin A, zai hau sama ya tsaya a baki, ba da jimawa ba ya kife ko ya fice.

Tsawo kuma shi ne lambar da take bin harafin, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin tuntuɓe. In an rubuta A42, wannan 42 ɗin tsawon cikin bel ne a inci. In kun zagaya tef ta bayansa za ku sami wajen inci 44. Ƙa'idar ita ce: a bel A, baya ya fi lambar da inci 2, a bel B da inci 3, a bel C da inci 4. To, wanda ya auna tsohon bel ta baya ya sami 44, ya tafi kanti ya ce a ba shi 44, mai kanti zai miƙo masa A44, wanda bayansa 46 ne. Ya yi tsawo da inci 2 ke nan, kuma ba laifin mai kanti ba ne.

Akwai kuma waɗansu rubuce-rubuce da za ku iya gamuwa da su. Fankokin da aka kawo daga Amurka sukan zo da bel mai lamba irin 4L440. Wannan 4L faɗinsa ɗaya da A, amma lambarsa ta baya ce, a kashi goma na inci: 440 na nufin inci 44. Watau 4L440 da A42 tsawonsu ɗaya. Kuna iya sa A a madadin 4L, gama A ya fi ƙarfi, amma kada ku sa 4L inda aka yi domin A in aikin mai nauyi ne. Haka 5L yake da B. Injunan Turai kuma sukan zo da SPZ, SPA ko SPB, lambarsu a milimita take, kamar SPA 1250. Waɗannan sun fi zurfi, kwarminsu dabam ne, a nemi irinsu sak. In kun ga AX ko BX, bel ne mai haƙora a ciki, girmansa ɗaya da A ko B, ya fi jure wa ƙaramin fuli.

In lambar ta goge

In rubutun yana nan a bayan tsohon bel, aiki ya ƙare, ku kwafe shi duka, harafi da lamba. Amma bel da ya yi shekara yana aiki cikin ƙura da wuya rubutunsa ya ragu. Ku fara duba jikin fankar ko takardar da ta zo da ita, wani lokaci an rubuta a can.

In babu, sai awo. Kafin kowa ya sa hannu, a kashe wuta daga babban makunni ko a kashe janareta, a sa mutum ɗaya ya tsaya a wurin domin kada wani ya zo ya kunna da kyakkyawar niyya. Fuli ba ya mai da yatsa.

In tsohon bel bai tsinke ba, ku ɗiga masa alli a baya, ku ɗiga a ƙasa mai sumunti, ku mirgina shi a miƙe har allin ya sāke taɓa ƙasa, sa'an nan ku auna tsakanin ɗigon biyu. Wannan shi ne tsawon baya. Ku cire 2 in A ne, ku cire 3 in B ne. Sai dai ku tuna tsohon bel ya saki, gefensa kuma ya cinye. In awon ya faɗi tsakanin lambobi biyu, kamar 44 da rabi, ku ɗauki ta ƙasa. Faɗinsa ma kada ku amince da shi gaba ɗaya. Ku auna bakin kwarmin fulin da rula, gama tsohon B da ya sha aiki yakan yi kama da A.

A ganina awon da ya fi aminci shi ne na jikin injin kansa, domin ƙarfe ba ya saki. Moto yana zaune a kan ramuka dogaye da suke barinsa ya matsa gaba ko baya. Ku kwance notinan da sifana, ku tura moton kusa da fanka, ku bar masa ɗan wuri kaɗan a gaba, wuri mai yawa a baya domin ɗaurewa nan gaba. Sa'an nan ku ari tef na tela, mai inci 60, daga wata cikin zumuntar mata, ku zagaya shi ta bakin fuli biyun. Kada ku yi da siririn zare, gama zai faɗa cikin kwarmi ya ba ku awo gajere, igiyar roba kuma miƙewa take yi.

Ga waɗanda suka yi makaranta, akwai lissafi. Ku auna daga tsakiyar fuli ɗaya zuwa tsakiyar ɗayan, a ce inci 15. Ku auna faɗin babban fuli, a ce 10, da na ƙaramin, a ce 3. Ku ninka 15 sau biyu, 30 ke nan. Ku haɗa 10 da 3, ku ninka 13 ɗin da 1.57, ya ba da 20.4. Sa'an nan bambancin fulin biyu, 7, ku ninka shi da kansa, 49, ku raba da 15 sau huɗu, watau 60, ya ba da 0.8. Jimla 51.2. Bayan bel ɗin inci 51 ne, in kwarmin A ne abin da za ku nema A49. Ku ba yaran ƙungiya su gwada, ku gama da awon tef; in sun yi kusa da juna, ku tafi kanti da ƙarfin zuciya. Ku tafi da tsohon bel ɗin ma a hannu, ko da guntu ne.

Kada kowa ya ce a sa fambel na mota tun da ya shiga. Yawancinsu sun fi siriri, ba domin wannan kwarmi aka yi su ba.

Sa sabon bel

Kada ku ɓanɓara shi a kan fuli da sukudireba, gama zaren da yake cikinsa zai tsinke ba ku gani ba, bel ɗin ya mutu tun ran farko. Ku matso da moto, ku ɗora bel da hannu, ku ja moto baya, ku ɗaure. Ku ɗora katako miƙaƙƙe a fuskar fuli biyun ku ga ko suna kan layi ɗaya. Ku leƙa cikin kwarmin: in ƙasansa yana ƙyalli kamar an goge, fulin ya cinye, sabon bel ba zai daɗe a kansa ba.

Ɗauri kuwa, ku danna tsakiyar bel da babban yatsa da ɗan ƙarfi. In tsakanin fulin biyu inci 16 ne, ya kamata ya lotsa wajen rubu'in inci. In 32 ne, rabin inci. Sako-sako yana kawo sulɓi da ƙara, fanka tana juyawa amma iskar ta ragu, mai kiwo kuwa yana tsammani kome lafiya. Ɗauri mai tsanani kuma yana cin boris na moto, wanda ya fi bel tsada nesa. Bayan kwana ɗaya ko biyu na aiki a sāke dubawa, gama sabon bel yakan zauna ya ɗan saki. Mai ko giris kada ya taɓa shi. In fulin mai kwarmi biyu ne, a canja bel biyun tare, daga kamfani ɗaya, ko da ɗaya ne ya tsinke. In ba haka ba sabon shi kaɗai zai ɗauki kayan.

Aikin taro mai zuwa

Magatakarda ya rubuta lambar bel na kowace fanka da kowane inji a littafin ƙungiya, a kuma rubuta ta da fenti a bango kusa da injin. Ma'aji ya fitad da kuɗi a sayi na ajiya guda ɗaya ga kowace fanka kafin ƙarshen Fabrairu. A ajiye shi a kwance cikin kwali a ɗaki mai sanyi, inda rana da ɓera ba su kai, ba a rataye a ƙusa ƙarƙashin kwano ba. A kuma sa mutum biyu, ba ɗaya ba, su koyi canja shi, domin in ya tsinke ran Lahadi ana cikin sujada, ko ran da ɗaya ya yi tafiya, a sami wanda zai ɗauki sifana.