Ruwa ya ci gidanka? Kada ka sayi fom ɗin diyya

Wani dattijo daga Ngojin ya shigo ofishina da baƙar leda a hammata. A ciki akwai fom mai tambarin gwamnati wanda aka yi ta fotokwafinsa har rubutun ya dusashe, da hoton fasfo, da rasit na N5,000 da aka rubuta da biro a fallen littafin ɗan makaranta. Ɗakunansa sun faɗi a daminar 2022, gero da wake sun tsiro masa a cikin buhu. Bayan ruwa ya janye sai wani yaro mai rataye da katin shaida ya bi unguwa gida-gida, wai daga Abuja aka turo shi, duk wanda ya yanki fom za a biya shi kuɗin gidansa.

"Barista, so nake ka maka gwamnati a kotu, ta riƙe mini diyyata."

"Baba, wa ya karɓi kuɗin fom ɗin?"

"Ai yaron nan ne. Yanzu lambarsa ba ta shiga."

Da na tambaye shi ta ina ruwan ya shigo, nan raina ya ɓaci. An yi aikin hanya a bayan gidansa, aka cike tsohuwar hanyar ruwa aka sa kwalbati ƙarami, ruwan da ya saba wucewa ya juyo ya daki katangarsa. Wannan sakaci ne, kuma ƙara ce mai ƙarfi. Amma ya shafe fiye da shekara yana jiran alat saboda takardar banza. Ya sake ɗora ginin, bai ɗauki hoto ko ɗaya ba, bai rubuta wa kowa ƙorafi ba. Dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar a shigar da ƙara. Ɗan kwangilar da ya yi aikin hanyar ba ya fakewa da ita, to amma da wace hujja zan tunkare shi?

Ku ji da kyau. Babu dokar da ta wajabta wa gwamnatin Najeriya biyan ka don ruwan sama ya rushe maka gida. Hukumomin agajin gaggawa, NEMA ta tarayya da aka kafa a 1999, da YOSEMA ta jiharmu, agaji suke rabawa: shinkafa, tabarma, wani lokaci kwano da siminti. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a ƙasar nan, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu, kuma abin da aka bi mutane da shi ke nan. Masu ɗauko sashe na 14 na tsarin mulki, cewa walwalar jama'a ita ce babban aikin gwamnati, su ƙarasa karatu zuwa sashe na 6(6)(c), wanda ya hana kotu sauraron irin wannan ƙara. Diyya tana hawa kan gwamnati idan ta karɓe maka fili, ƙarƙashin sashe na 44 da dokar filaye ta 1978, ko idan hannun mutum ne ya jawo ɓarnar. Shi ya sa da madatsar Alau ta ɓalle a kan Maiduguri a Satumban 2024, tambayar farko ita ce wa aka ɗora wa kula da ita.

Ba a sayar da fom ɗin agaji. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi, ɓarawo ne, ko da babbar riga ya zo.

Ranar da ruwa ya ci gidanka ka ɗauki hoto da bidiyo kafin ka taɓa bulo ɗaya. Ka kai ƙorafi a rubuce, a buga maka hatimi a kwafinka. Ka ga lauya a cikin makon, ba mai rubuta takarda a bakin kotu ba, waɗannan sun kashe wa mutane ƙararraki ba adadi. Manomi ya tambayi inshorar NAIC, gwamnati na ɗaukar rabin kuɗin, mai shakkar halascin inshora kuma akwai takaful. Kuma don Allah kada ka sayi fom. Wanda ya sayi fili a kan hanyar ruwa don araha kuwa, kada ma ya wahalar da kansa zuwa wurina, babu alƙalin da zai ba shi ko sisi.