Kaska a Jikin Karen Gida

Idan kana da kare mai gadin gida ko rumfar kasuwa, ka riƙa duba jikinsa ko da sau ɗaya a mako. Ka fara da cikin kunnuwa, sannan wuya, hammata da tsakanin yatsun ƙafa, domin nan kaska ta fi maƙalewa.

In ka same ta, ka sa hannunka cikin leda, ka kama ta da matsefata daf da fata, ka ja a hankali ba tare da murɗawa ba. Ka jefa ta cikin gwangwani mai kananzir, ka wanke wurin da sabulu, kai ma ka wanke hannu. Kada ka fasa ta da farce, kada kuma ka bar yara su yi. Kaskar kare kan sa wa mutum zazzaɓi mai ƙuraje. Akwai kuma wata da ke bin shanu da tumaki daga kara zuwa kara, ko a Maigatari ko a Maraɗi, wadda ke ɗauke da zazzaɓin Kirimiya-Kwango mai zubar da jini.

Sai dai cirewa kaɗai ba ta isa ba, kuma a nan mutane da yawa ke gajiya. Ka tsince kare tsaf yau, mako mai zuwa ka gan shi ya sake cika. Dalili shi ne macen kaska idan ta ƙoshi da jini sai ta faɗo, ta shige tsagar bango, ta zuba ƙwai dubbai. 'Ya'yan na iya yin watanni ba su ci komai ba suna jira. Saboda haka ka share makwancin kare, ka ƙone tsummokaran da yake kwanciya a kai, ka yaɓe tsagogin bango da laka ko siminti.

Kada ka shafa masa baƙin mai ko fiya-fiya. Zai lasa, ya mutu, kafin nan kuma yara sun taɓa shi. Maganin wankan shanu ma ba a awonsa da ka. Malamin dabbobi ne zai faɗa maka wanda ya dace da kare, da yawan ruwan da za a haɗa.

Idan kare ya ƙi abinci, dasashinsa ya yi fari, ko fitsarinsa ya yi ja, a kai shi wurin likitan dabbobi. Wanda kuma zazzaɓi ya kama bayan cizon kaska, ya tafi asibiti ranar, ya kuma ambaci cizon, don kada a ɗauka na sauro ne.