Faɗin Gaskiya: Da Lallashi Ko Kai Tsaye?

Karatu: 2 Sama'ila 12:1-13, Galatiyawa 2:11-14

Sa'ad da Sarki Dawuda ya ɗauke matar Uriya, annabi Natan bai fara da tsawa ba. Ya ba shi labarin attajirin da ya ƙwace wa matalauci 'yar tunkiyarsa guda ɗaya tak. Da Dawuda ya yanke hukunci da bakinsa, sai Natan ya bayyana masa cewa shi ne mai laifin, sarki kuwa ya tuba. A Antakiya kuma, Bulus ya tsauta wa Bitrus a gaban jama'a, gama munafuncinsa ya ja waɗansu, har da Barnaba. Hanyoyinsu sun bambanta, amma ba wanda ya rage gaskiya. Mu tausasa murya, kada mu ɓoye laifi.

Tambaya: Wa kake jin nauyin faɗa wa gaskiya a ikilisiyarku?