Yadda Ake Yi wa Ƙungiyar Ma'aikata Rajista a Gana, da Inda Rigima Take Ɓullowa

Idan ka tsaya a bakin babban titin Nima da ke Ankara, babban birnin Gana, gab da magariba, za ka ga maza suna fita aiki a daidai lokacin da jama'a ke dawowa gida. Masu gadi ne. Sun nufi Kanda da Cantonments da unguwar filin jirgi, inda za su kwana ido biyu a ƙofar gidajen mutane. Gadi tsohuwar sana'ar mutanen zango ce, sai dai yanzu da yawansu kamfanin tsaro ne ke ɗaukarsu ya tura su, ba maigida ba. Kukansu kuwa iri ɗaya ne a duk majalisar shayin da ka zauna: aikin awa 12, albashi sai wata ya yi nisa, ga kuɗin fansho ana yanka amma ba wanda ya tabbata sun isa hukumar fansho ta SSNIT.

Haɗa kai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mahauta suna da Sarkin Fawa, mata suna da adashi, direbobi suna da tasha da shugabanninta ƙarƙashin ƙungiyarsu ta GPRTU. Amma kamfani ba ya jin maganar dattijo don furfurarsa, takarda yake ji. Takardun kuwa guda biyu ne, kuma mutane da yawa suna karɓar ta farko su ɗauka sun gama.

Kafin komai, a san inda haƙƙin yake. Kundin tsarin mulki na 1992, a sashe na 24, ya ba kowane ma'aikaci damar kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga wadda ya ga dama. Kowane ma'aikaci ya ce, bai ce ɗan ƙasa kaɗai ba. Ina jaddada wannan ne saboda har gobe akwai gidaje a Nima da Maamobi da ba su manta da korar baƙi ta 1969 ba, kuma tsoron nan na kada a tambayi asalin mutum yana hana wasu sa hannu a kowace irin takarda. Dokar Ƙwadago ta 2003, mai lamba 651, ita ta shimfiɗa hanyar. Sashe na 80 ya ce ma'aikata biyu ko fiye da ke aiki a wuri ɗaya suna iya kafa ƙungiya. Sojoji da 'yan sanda da gandirobobi da hukumomin leƙen asiri ne dokar ba ta shafa ba. Mai gadin kamfani mai zaman kansa ba ya cikin waɗannan, ko da an ba shi kaki da bel.

Aikin farko shi ne ƙirga mutane, kuma a nan ake cin karo da tarko na farko. Sashe na 79 ya ce masu tsara manufar kamfani, da manajoji, da masu riƙe da muƙamin amana ko sirri, ba za su shiga ƙungiya ba. To wane ne mai riƙe da amana? Mai gadi ai amana yake riƙe da ita tun daga ƙofa. Mai kamfani da ba ya son ƙungiya yana iya wayar gari ya raba wa rabin ma'aikatansa sunan mai duba aiki, ba tare da ƙarin ko sidi ɗaya ba, sa'an nan ya ce duk sun zama manya. Dokar ta toshe wannan ƙofa, domin ta ce da yarjejeniya tsakanin mai kamfani da ma'aikata ko ƙungiyarsu ake tantance waɗanda aka ware. Don haka tun ranar farko a rubuta sunan kowa, da ainihin aikin da yake yi, da ranar da ya fara, da albashinsa. Mai takardar ɗaukar aiki ko takardar albashi ya kawo, a ɗauki hotonta a adana.

Daga nan sai taro. A yi shi a wajen wurin aiki, bayan an tashi, a samu mai rubutu mai kyau ya riƙe littafi. Duk wanda ya zo ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. A zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji ta hanyar ƙuri'a. Na san wannan yana yi mana nauyi. Mun saba idan Alhaji yana zaune ba mai tsayawa takara da shi, sai kowa ya ce, "Baba, kai ne babba, ka riƙe mana." A zaɓi Baban idan shi ake so, amma a ɗaga hannu a ƙirga, a rubuta adadin. Jami'in da zai duba takardun sai ya gamsu cewa ana tafiyar da ƙungiyar bisa zaɓe, kuma ranar da rigima ta tashi, littafin nan ne shaida.

A taron ne kuma ake amincewa da tsarin mulkin ƙungiya. Sashe na 85 ya faɗi abin da dole ya ƙunsa: suna, adireshin ofis, manufa, wanda ya cancanci shiga, kuɗin da za a riƙa biya, dalilin dakatar da mutum ko korarsa da hanyar da za a bi, ikon shugabanni, yadda ake gyara tsarin, da yadda za a yi da dukiya idan ƙungiya ta rushe. Wannan na ƙarshe mutane ba sa son jinsa ranar farin ciki, amma shi ke hana 'yan'uwa zuwa kotu a kan kujeru da asusun banki. Wani abin lura kuma: sashe na 87 ya hana nuna bambanci saboda addini ko asali ko launi ko jinsi ko ra'ayin siyasa ko naƙasa. Ƙungiyar da ta rubuta cewa ta Musulmi ce zalla, ko ta Hausawa zalla, ba za ta samu rajista ba. Hakan daidai ne a ganina. Bafrafre da Bazabarme da Bakotokoli da Ba'ashante da ke gadi a ƙofa ɗaya, sanyi ɗaya suke sha.

Dokar tana kuma son ƙungiya ta zama mai tsayuwa da kanta a idon shari'a, wadda za ta iya buɗe asusu, ta kai ƙara, a kai ta. Wannan ana yin sa ne a ofishin rajistar kamfanoni, kuma wuri ne da ya kamata a nemi lauya ko wanda ya taɓa bin hanyar. Idan an kammala, sai a rubuta wasiƙa zuwa ga Babban Jami'in Ƙwadago, a haɗa da tsarin mulki da sunayen shugabanni da adireshin ofis. Duk abin da aka miƙa a riƙe kwafi mai hatimi da kwanan wata. Jami'in zai duba ko sunan bai yi kama da na wata ƙungiya mai rajista ba har ya ruɗa jama'a. Idan komai ya cika, dokar ta wajabta masa yin rajista da bayar da takardar shaida.

Wannan sauƙi ba a banza aka same shi ba. A 1958 gwamnatin Nkrumah ta yi dokar da ta tattara ƙungiyoyi ƙarƙashin uwar ƙungiyar ƙwadago ta TUC, wadda aka kafa tun 1945. A 1971 gwamnatin Busia ta rushe TUC ɗin da doka, sai bayan juyin mulkin Acheampong na 1972 ta dawo. Wanda ya san wannan tarihi ya san cewa takardar rajista ta daɗe tana zama sanda a hannun mai mulki.

Yanzu sai takarda ta biyu, wadda ita ce gishirin miyar. Rajista tana nuna ƙungiya ta wanzu, amma ba ta tilasta wa mai kamfani ya zauna da ita. Abin da ke zaunar da shi shi ne takardar izinin ciniki a madadin ma'aikata, wadda sashe na 99 ya tanada. Ita ma wurin Babban Jami'in Ƙwadago ake nemanta, a bayyana rukunin ma'aikatan da za a wakilta, da yawansu, da nawa ne a cikinsu 'yan ƙungiya. Idan ƙungiyoyi biyu suna wuri ɗaya, shi ne zai yanke wadda za ta riƙe takardar. Babu inda shari'a ta fi zafi kamar nan, domin kowace ƙungiya za ta ce jama'a nata ne, kuma wani lokaci ta biyun mai kamfani ne ya hura mata wuta ta ƙarƙashin ƙasa. Sashe na 128 ya haramta masa tsoma baki a harkar ƙungiya, amma mai cewa an yi sai ya kawo hujja. Katin zama ɗan ƙungiya da rasidin kuɗin wata-wata su ne ke raba gardama.

Da takardar a hannu, ƙungiya ta aika wa kamfani sanarwa a rubuce tana neman a zauna. Idan kwana 14 suka wuce bai motsa ba, Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa za ta umarce shi ya shiga ciniki. A teburin ne ake kawo maganar awa 8 a rana ko 40 a mako da doka ta ƙayyade, da kuɗin ƙarin lokaci, da hutun shekara na aƙalla kwana 15 na aiki, da kashi 13 cikin ɗari na fansho da ke kan kamfani bayan kashi 5.5 da ake yanka daga albashi. Abin da aka amince a kai a rubuta a sa hannu, kuma zai yi aƙalla shekara ɗaya yana aiki.

Tsakanin taron farko da wannan rana ne ake korar mutane. Sakatare aka fi farawa da shi. Ba za a ce masa don ƙungiya ba ne, za a ce an kama shi yana barci a bakin aiki. Sashe na 63 ya ce kora saboda shiga ƙungiya kora ce ta zalunci, kuma Hukumar tana iya ba da umarnin a mayar da mutum ko a biya shi diyya. Idan kamfani ya ƙi bin umarnin, Hukumar ta garzaya Babbar Kotu a tilasta shi. Wanda aka kora ya nemi takardar kora, kada ya sa hannu a abin da bai karanta ba, ya kai kuka da wuri. Sauran kuma kada zuciya ta ɗebe su su ajiye aiki washegari. Yajin aiki yana halatta ne bayan sulhu ya gagara, an kuma ba da sanarwar kwana 7 a rubuce. Wanda ya tsallake wannan ya miƙa wa kamfani wuƙar da zai yanka shi da ita, don doka ta yarda a hana shi albashin kwanakin, har ma a sallame shi.

Idan ma'aikatan ba su wuce ashirin ko talatin ba, shawarata ita ce su fara zuwa hedikwatar TUC a Ankara, ko wata uwar ƙungiya, su tambayi wadda ke kula da irin aikinsu, su zama reshenta. Za su tarar da lauya da mutanen da suka san ƙofofin ofis. Masu zaman kansu kuwa, teloli da masu koko da 'yan matan kayaye da ba su da kamfanin da za su yi ciniki da shi, akwai UNIWA da ke tattara ƙungiyoyinsu a ƙarƙashin TUC. Masu aikin gida su ma sun samu ƙa'idojinsu a 2020, waɗanda suka tanadi yarjejeniya a rubuce tsakaninsu da iyayen gidansu.

Waɗanda suka zaɓi tsayawa da ƙafarsu, akwai aikin da ke jiransu duk shekara: littafin kuɗi, mai binciken kuɗi daga waje, da rahoton da za a miƙa wa Babban Jami'in Ƙwadago. Ma'aji ya buɗe littafin nan tun daren taron farko, ya rubuta sidin farko da aka tara da sunan wanda ya bayar.