DARASIN LAFIYA: Murhun itace da dokar hayaƙi a Ingila



Hayaƙin da ya turnuƙe Landan a Disambar 1952 ya kashe dubban mutane, shi ya sa aka kafa dokar tsaftace iska a 1956. Yanzu a unguwannin da aka hana hayaƙi, tara tana kaiwa fam 300.

Maigida, kafin ka sayi murhun ɗumama ɗaki, duba ko yana cikin waɗanda DEFRA ta amince da su. Amma fa ko murhun ya kai nawa, ɗanyen itace zai ɓata shi. Nemi busasshe, wanda danshinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Ɗanye yana tara kunkunniya a bututu, ya tayar wa yara da asma, hayaƙinsa ya shiga har ɗakin maƙwabci, kuma wannan haƙƙi ne a kanka.

A share bututun duk shekara kafin sanyi ya shigo. Allah Ya ƙara mana lafiya.