Darasi: Lambun tace ruwan datti

Ku duba buhun takin zamani, za ku ga haruffa uku: NPK. Harafi na tsakiya, P, shi ne fosforas. Abinci ne ga shuka. Akwai shi cikin fitsari da bayan gida, da wasu irin garin sabulun wanki.

A gona yana da amfani. Amma in ya gangara tafki, gansakuka da kainuwa ne ke cin sa, su rufe fuskar ruwa. In suka mutu suka ruɓe, iskar da kifi ke shaƙa ta ƙare, kifi su mutu. Wata irin gansakuka tana da dafi, tana kashe dabbar da ta sha. Ciyayin ruwa kuma maɓoya ce ga sauro da katantanwar da ke kawo tsargiya, wato fitsarin jini.

Ana iya tare shi tun daga bayan gida ko makaranta. A fara da rami mai murfi inda dauɗa za ta kwanta. Daga nan ruwan ya shiga kwari mai zurfin kamar santimita 60, wanda aka daɓe da yumɓu, aka cika da tsakuwa, aka dasa jema ko kacala a kai. Dole ruwan ya bi ta ƙarƙashin tsakuwa. In kun ga ya taru a sama, gidan sauro kuka gina. A gyara nan da nan.

To, ina fosforas ɗin yake zuwa? Ba ya tashi sama kamar hayaƙi, yana nan cikin kwarin. Wani ya kwanta tare da laka. Ciyawa ta sha kaɗan. Mafi yawansa yana manne wa tsakuwa, musamman jan marmara, domin akwai ƙarfe a cikinsa, shi kuwa ƙarfe yana riƙe fosforas. Shi ya sa na fi son marmara a kan farin yashin rafi, ga shi kuma ba ya wuyar samu. Sai dai tsakuwa tana ƙoshi. Bayan wasu shekaru ba ta ƙara riƙewa, har takan saki abin da ta riƙe in iska ta daina ratsa ta. Sai a kwashe a zuba sabuwa.

Ciyawar kuma a riƙa yanke ta ana fitarwa, a yi zana ko taki. In an bar ta ta ruɓe a wurin, abin da ta sha ya koma ruwa. Ku yi hankali da kacala: a yanke ta kafin ta yi kai, don iska na kwasar irinta, ita ce ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru.

Ruwan da ya fito ba na sha ba ne, ko da ya yi garau. A ba itatuwa, kada a zuba wa latas ko abin da ake ci ɗanye. A yi kwarin nesa da rijiya, aƙalla mita 30, a kewaye shi saboda yara da awaki. Wanda ya yi aiki a ciki ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.